Ilimin Zamantakewa: Tarihinsa Da Yadda Ya Yi Sallama A Ƙofar Gidajenmu

   

Abin da ya jawo zancenmu na yau wata wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta aiko mana. Ta ce 'yarta ta nemi karatun lauya a jami'a, da sunaye suka fito sai aka ba ta wani abu wai shi soshiyoloji. Maigida ya juya takardar gaba da baya, ya ce shi dai ya san likita, ya san lauya, ya san malamar makaranta, amma wannan bai san inda ya dosa ba. Ya ce ba zai zuba kuɗin shekara huɗu a kan abin da ba a san ranarsa ba, gara yarinya ta zauna har Allah Ya kawo miji. Uwar ta ce, "Don Allah ki gaya mini mene ne shi, in san abin da zan faɗa wa mahaifinta kafin a rufe rajista."

To, 'yar'uwa, tambayarki ta isa a ba ta fili guda. Ni aikin jarida na karanta, amma a ajinmu na farko sai da aka sa muka zauna darasin wannan fanni, kuma saboda wasiƙarki na koma na kakkaɓe littattafai. Yau tarihinsa za mu bi, don wanda ya san asalin abu ya fi sanin amfaninsa.

Da Hausa ana ce masa ilimin zamantakewa. Likita jikin mutum ɗaya yake dubawa, shi kuwa mai wannan ilimi jama'a yake dubawa a haɗe. In aka saki mace ɗaya, ana iya cewa tsakaninta da mijinta ne. Amma a ce a unguwa ɗaya, cikin shekara ɗaya, amare ashirin sun dawo gaban iyayensu, to magana ta wuce halin wance da wane. Sai a tambaya: tsadar haya ce? Rashin sana'a ne? Yadda ake haɗa auren ne? Mai ilimin zamantakewa shi ne wanda aka koya wa yadda zai bi wannan tambaya gida gida, ya ƙirga, ya saurara, ya fito da amsar da za a iya dogara da ita.

Malamin Tunis

Da yawa suna ɗauka karatun Turawa ne tsantsa. Ai kuwa masana da dama, har a can Turai, in sun tashi ba da tarihinsa daga wani malami Musulmi suke farawa, Abdurrahman Ibn Khaldun. An haife shi a birnin Tunis a 1332, wato shekara ta 732 bayan Hijira. Yana saurayi, bai kai ashirin ba, babbar annobar nan ta 1348 ta auka wa garinsu, ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da malamansa da yawa. Daga nan ya shiga aikin fada. Ya yi wa sarakuna hidima a Fas da Andalus da wasu biranen Magrib, ya ga ɗaukaka, ya ga tsige, har kurkuku ya yi na kusan shekara biyu. Ya ga sarki ya kwana bisa karaga ya tashi yana gudun hijira.

Da ya gaji, sai ya keɓe kansa da iyalinsa a wata ganuwa da ke cikin ƙasar Aljeriya ta yau. A can ne a 1377, cikin wata biyar kacal, ya rubuta littafin da ake kira Muƙaddima. Abin da ya dame shi shi ne yadda marubuta tarihi ke kwashe duk abin da suka ji su zuba a takarda. Ya ce kafin a karɓi labari a auna shi da yadda mutane ke rayuwa: zai yiwu ko ba zai yiwu ba? Don haka sai an san ƙa'idojin zaman jama'a tukuna, ya kuma ce wannan ilimi ne mai zaman kansa.

Ga kaɗan daga abin da ya gano, ku ji ko bai yi kama da unguwarku ba. Ya ce abin da ke ɗaga jama'a shi ne asabiyya, wato ƙarfin 'yan'uwantaka da riƙon juna. Ya ce martabar gida takan ƙare a tsatso na huɗu. Na farko shi ya sha wuya ya gina. Ɗansa ya ga wuyar da idonsa, sai ya riƙe. Jika labari kawai ya ji, yana bin sawu. Tattaɓa-kunne kuwa ɗauka yake arziki a jininsu yake, sai ya raina mutanen da suka tallafi gidan, ya watsar. Uwargida, gida nawa kika sani na tsofaffin attajirai da yau sai suna da zaure? Ya kuma yi magana a kan tarbiyya, ya ce yawan duka da tsanani ga yaro yana kashe masa zuciya, ya koya masa ƙarya da ha'inci don tsoron bulala. Wannan magana ta haura shekara 600, amma kamar jiya aka yi ta.

Daga baya ya koma Masar ya koyar, aka naɗa shi babban alƙalin Malikiyya, mazhabar da muke bi. Iyalinsa sun taso daga Tunis za su riske shi, jirgin ruwansu ya nutse kusa da Iskandariya. Ya rasu a Alƙahira a 1406. Kuma bai manta da ƙasashenmu ba: a babban littafinsa na tarihi ya jero sarakunan Mali, ya kuma ba da labarin raƙumin dawa da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis kyauta a 1257, jama'ar gari suka yi ta tururuwar kallo.

Da ya isa Turai

Shekaru suka shuɗe har Turai ta shiga nata ruɗanin. A 1789 talakawan Faransa suka fara juyin juya halin da ya kai ga kifar da sarauta. A Ingila injuna suka fito, mutanen ƙauye suka bar gona suka cika birane, ana cunkushe a ɗaki ɗaya, yara ƙanana suna aikin masaƙa, dangi sun watse. Masu tunani suka fara tambaya: me zai riƙe jama'a yanzu? Wani Bafaranshe, Auguste Comte, shi ya yaɗa sunan soshiyoloji a 1838.

Wani kuma, Emile Durkheim, ya nuna yadda ake aikin da lissafi. A 1897 ya tattara alƙaluman mutanen da suka kashe kansu a ƙasashen Turai. Kowa na ganin wannan abu ne na zuciyar mutum shi kaɗai, amma sai ya ga abin ya fi yawa ga marasa aure a kan masu iyali, ya kuma yi sauƙi a inda jama'a ke riƙe da juna a wurin ibada da cikin dangi. Kun ga ashe zumuncin nan da muke yi, na suna da biki da gaisuwar mara lafiya, garkuwa ne.

Amma wadda nake so ku riƙe sunanta ita ce wata Baturiyar Ingila, Harriet Martineau. Ba ta ji sosai, wani ɗan ƙaho take karawa a kunne in ana magana. A 1834 ta tafi Amurka ta yi shekara biyu tana yawo, ta ga gidajen yari, ta ga kasuwar bayi, ta dawo ta rubuta littafi a 1837. Mutane suka ce mata ai kasancewarta mace ya rage mata, tunda akwai wuraren da maza kaɗai ke shiga. Ta mayar musu da cewa ita ta zauna a madafa da ɗakin raino da ɗakunan matan gida, inda babu baƙon namijin da zai leƙa, kuma a nan ake sanin halin al'umma. Ku riƙe wannan amsa, za mu sake haɗuwa da ita a ƙasar Zazzau.

A birnin Shikago na Amurka aka buɗe sashen wannan fanni a jami'a a 1892. A garin kuma wata mata, Jane Addams, ta buɗe gida a unguwar talakawa baƙin haure a 1889. Ita da abokan aikinta mata suka bi gida gida suna rubuta abin da kowa ke samu da yadda yake kwana, suka kai wa hukuma hujja a hannu. Irin wannan aiki ne ya zama tushen aikin jin daɗin jama'a, kuma a 1931 aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

Baba mutuniyar Karo

Yanzu mu dawo gida. Gaskiya ɗaya ce, farkon shigowar irin wannan bincike ƙasarmu da mulkin mallaka ya zo. Turawa suna son sanin al'adun waɗanda suke mulka don mulkin ya yi musu sauƙi, sai suka riƙa turo masu nazarin al'adu, fannin da yake ɗan'uwa ne na jini ga ilimin zamantakewa. A 1949 aka turo wani mutumin Jamaika, M. G. Smith, ƙasar Zazzau. Ya zauna da sarakuna da manoma da 'yan kasuwa, ya auna gonaki, ya rubuta abin da magidanci ke samu da abin da yake kashewa. Amma duk inda ya je iyakarsa zaure. Ba shiga! Rabin jama'a suna bayan katanga, ba shi da hanyar jin ta bakinsu.

Allah Ya sa ya zo da matarsa, Mary Smith, wadda ta koyi Hausa. Ita ce ta riƙa shiga cikin gida. A garin Giwa ta haɗu da wata tsohuwa mai suna Baba, haifaffiyar 1877, wadda ba ta taɓa zama ajin boko ba. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, kusan mako shida, Baba tana ba da labari Mary tana rubutawa da hannu. Ta faɗi yadda mahara ke kama mutane kafin zuwan Turawa, da yadda ake fansar wanda aka kama. Ta faɗi zaman rinji, da ranar da aka fara ganin Nasara. Ta faɗi aurenta huɗu, da yadda Allah bai ba ta haihuwa ba amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta bayyana ƙawance, da zaman kishiyoyi, da wankan jego, da goyon ciki, da yadda biki ke zagayawa tsakanin mata, yau ke gobe 'yar'uwarki. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. A 1954 aka buga shi da suna Baba of Karo, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausar da ta yi magana da ita. Har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya.

Shi kuwa mijin, cikin abin da ya rubuta, ya kasa zaman aure uku kamar yadda ya ji mutane na faɗa: auren kulle, da auren tsare, da wanda suke kira auren jahilai, inda mace ke fita gona da rafi. Ya lura cewa kulle ya ƙara yaɗuwa a ƙauyuka bayan an hana bauta, domin a da bayi mata ne ke noma, da suka sami 'yanci sai suka bar gona suka shiga gida, don a san su ma 'ya'ya ne. Kin ga kulle ma yana da tarihinsa, kuma sai da aka yi tambaya aka sani.

Kasuwar da ba ta da rumfa

A 1967 wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. A wancan lokaci in jami'i ya zo ƙidaya ya tambayi maigida sana'ar matarsa, amsa ɗaya ce: ba ta komai, tana gida. Haka ake rubutawa. Polly Hill ta shiga gidajen, sai ta tarar da hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci suna ta sauya hannu daga wannan gida zuwa wancan, mata sun san farashi ba tare da sun taka kasuwa ba. A 1969 ta rubuta maƙala a kan wannan ɓoyayyen ciniki. Abin da ke da ni muka sani tun muna yara, amma takardun gwamnati ba su san shi ba, kuma abin da ba a rubuta ba ba a yi masa kasafi.

Cikin shekarun 1970 wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta yi nata binciken a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a birnin Kano. Ita yara ta bi. Ta nuna cewa yaro shi ne ƙafar matar kulle: shi ke sayo kayan haɗi, shi ke kai talla, shi ke karɓo bashi, shi ke kawo labarin gari. Ribar tallan yarinya kuma da ita ake tara kayan ɗakinta. A daidai lokacin, 1976, gwamnati ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa. Binciken ya nuna inda gizo ke saƙar: in yarinya ta tafi makaranta, jarin uwa ya tsaya, kayan ɗaki sun tsaya. Uwar da ta hana 'yarta aji sau da yawa lissafi ne ya tsare ta. Mai son a daina talla, sai ya fara samar wa uwa hanyar da hajarta za ta fita. Yau ga waya ta zo, mata da yawa daga ɗaki suke tallata kayansu, wannan ma abin bincike ne da ke jiran mai yi.

Namu sun karɓa

Ba a daɗe ana barin baƙi su kaɗai ba. Tun 1939 wani Bayarabe, N. A. Fadipe, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Landan a kan zamantakewar mutanensa, ko da yake sai 1970 aka buga shi, bayan rasuwarsa. Da aka sami 'yancin kai a 1960 jami'o'in Nsukka da Ibadan suka fara koyar da fannin, Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a Zariya a 1962 ta bi baya. Marigayi Dakta Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, wanda ya taɓa aiki a sashen Hausa na BBC, ya shugabanci sashen a Zariya, kuma kundinsa na 1975 a kan malamai da 'yan ɗariƙa da attajiran Kano ne. Dakta Ayesha Imam, wadda ita ma ta koyar a can, ta rubuta nata kundin a 1993 a kan kulle a ƙasar Kano, inda ta nuna yadda mata ke kallonsa a matsayin alkawari mai ɓangare biyu: in za ta zauna, to ruwa da itace da cefane suna wuyan maigida. Yau ana koyar da fannin a Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Maiduguri, da sauran jami'o'i da dama.

Kada ku ce duk wannan zancen takarda ne, ya taɓa rayuka. A asibitin koyarwa na Zariya wani likita, Kelsey Harrison, ya bi diddigin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Ya ga matan da suka fi mutuwa wurin haihuwa su ne waɗanda ba su je awon ciki ba, ba su kuma yi makaranta ba, har ya ce babban maganin yana wajen asibiti, wato ilimin 'ya mace. A nan Zariya kuma wata mai bincike, Margaret Murphy, ta zauna da masu yoyon fitsari, ta rubuta a 1981 yadda ciwon ke raba mace da mijinta da jama'a in ya daɗe. Wannan ya nuna ɗinki kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da sana'a da wanda zai mayar da ita cikin dangi.

Kun tuna 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, har sai tsakiyar 2004 aka ci gaba? Daga nesa aka yi ta cewa jahilci ne. Masu bincike irin su Maryam Yahya da Elisha Renne suka zauna da iyaye suka saurara. Sai ga dalilai: mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Suna kuma tambaya, don me ake bin mu har gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali in yaro ya kamu da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro sai mun saya? Aikin bai miƙe sosai ba sai da aka jawo sarakuna da malamai, aka ɗauki matan unguwa masu shiga gida su zauna bisa tabarma su yi bayani, aka haɗa da wasu magunguna. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, ko da yake ana ci gaba da rigakafi don tsare yara. Likita ne ya kawo maganin, amma sai da aka fahimci jama'a ya shiga bakin yaro.

To, wane aiki za ta yi?

Yanzu ga amsar da maigida ke jira. Karatun shekara huɗu ne ga wadda ta shiga ta jarrabawar JAMB da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Za a koya mata ra'ayoyin masana irin waɗanda muka ambata, da yadda ake tsara tambayoyi, da ƙididdiga. Za ta yi darasi a kan iyali, da laifuffuka, da lafiya, da ƙauye da birni, da yawan jama'a. A shekarar ƙarshe za ta fita ta yi nata binciken ta rubuta kundi. In ta yi aure kafin bautar ƙasa, ana ba matar aure damar yi a jihar da mijinta yake.

Wuraren aiki kuwa, akwai ofishin jin daɗin jama'a da ma'aikatar mata, inda ake sasanta ma'aurata, a bi haƙƙin yara, a kula da gidan marayu. Akwai manyan asibitoci, masu sashen da ke duba majinyacin da ba shi da galihu. Akwai gidajen gyaran hali, ɓangaren mata da na yara. Akwai hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989, da hukumar yaƙi da safarar mutane ta 2003. Akwai hukumar ƙidayar jama'a, wadda ke gudanar da babban binciken lafiyar iyali na ƙasa lokaci lokaci. Irin wannan bincike tun 1990 ake yinsa, kuma mace ce ke yi wa mace tambayoyi, don haka dole a nemi mata masu Hausa da ilimi. Akwai ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira da zawarawa, akwai sashen kula da ma'aikata a kamfanoni da bankuna, akwai koyarwa, akwai irin aikin nan namu na rediyo.

Amma ba zan yi miki daɗin baki ba, 'yar'uwa. Wannan digiri ba kamar na likita ba ne da aiki ke biye da sunansa. Masu shi suna da yawa, guraben gwamnati kaɗan ne, akwai masu riƙe da takarda shekaru suna jira. Wadda ke samun shiga ita ce wadda ta haɗa da wani abu a hannu: ta iya kwamfuta da lissafin alƙaluma, ta iya rubuta rahoto da Turanci mai kyau, ta fara aikin sa kai tun tana makaranta, ko ta ƙara digiri na biyu a fannin lafiyar jama'a ko aikin jin daɗin jama'a. Ki gaya wa 'yarki wannan tun yanzu, kada ta tafi da niyyar haddace takarda kawai.

Shi kuwa maigida, ki same shi lokacin da ya huta, bayan ya ci abinci, ki yi masa magana da ladabi. Ki ce masa ilimin da malamin Malikiyya ya share wa hanya ne. Ki ce masa shekara da shekaru baƙi ne ke tsallako teku su koyi harshenmu don su rubuta yadda muke zaune, wani wuri su dace, wani wuri su yi kuskure, kuma da rubutunsu ake tsara mana asibiti da makaranta. Ita kuwa 'yarku a cikin gidan aka haife ta, ta san kunya, ta san abin da ba a tambayar suruka a gaban surukarta, kuma babu ƙofar da za a ce mata ba shiga. In ya ga dama ya je jami'ar da kansa ya tambayi malaman sashen, ai gani ya kori ji.

Ku kuma sauran 'yan'uwa, abu biyu nake roƙo. In yarinya ta yi sallama da takarda ko waya a hannu ta ce bincike take yi, ki tambaye ta daga ina take, ta nuna shaida, ta faɗi abin da za a yi da amsarki. Haƙƙinki ne, kuma kina da ikon ki ce a'a. In kin gamsu, maigida ya sani, to ki faɗa mata gaskiya, kada ki ce ba kya sana'a alhali ga tukunyar ɗanwake bisa wuta. Na biyu, in akwai tsohuwa a gidanku, ku sa 'yan makaranta su zauna gabanta da biro da littafi, ko su ɗauki muryarta a waya. Baba ta Karo ba ta fi kakarki sanin duniya ba, ita dai ta sami mai rubutawa ne.

A nan za mu dakata. Baiwar Allah da ta aiko wasiƙa, muna jiran ki sanar da mu yadda kuka ƙare. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.